Inda Inna Ke Cizon Zare

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki? Direban motar maganin asibitinku ya biyo ta gidanmu, ya ce zazzaɓin ya sake ki, kin koma aiki, har kin fara yi wa ma'aikatan madatsar ruwan faɗa a kan ƙin shan magani. Da na ji kin fara faɗa sai hankalina ya kwanta, na ce to Yaya ta warke. Mu nan lafiya lau. Baban yara yana gaishe ki, ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya ajiye sanda. Ƙaramar 'yarki ta fitar da haƙora biyu, kuma a jikina take gwada kaifinsu.

Da a ce waya tana shiga can bayan duwatsun da kike, da na kira ki na yi kukana a kunnenki na huta. Tunda babu hali, ga takarda.

Yaya, ina cikin tsaka mai wuya. Kin san 'yan ajin ƙarshe da nake koya wa kiɗa a sakandare. A jarrabawar fita, kowane ɗalibi sai ya ƙirƙiro ɗan kiɗansa na kansa, mu ɗauka a na'ura, mu aika wa hukumar jarrabawa, kuma shi ne kusan rabin makinsu. Bana na zage damtse. Ban ba su komai su kwafa ba, ban rubuta musu ko layi ɗaya a allo ba. Na raba su lungu-lungu a ɗakin kiɗa, mai sarewa gefen taga, masu jita bayan kabad, Dogo da gangarsa can bakin ƙofa don kada ya kurmantar da mu. Ni kuwa ina zagayawa tsakaninsu ina saurare. Ranar da muka aika da aikin, har rangaji nake a hanyar gida.

To shekaranjiya Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya turo mini takarda daga hukuma ba tare da ya ce in zauna ba. Matar da ta duba aikinmu ta ce kusan dukkan kiɗan yarana ƙarshensu iri ɗaya ne. Ta ce ko dai sun kwafi juna, ko wani ya yi musu. An riƙe sakamakon ajin gaba ɗaya. Idan zargin ya tabbata, za a soke makinsu, a kuma rubuta a takardar kowannensu cewa ya yi satar aiki. Yaran da ko alli ba sa ɗauka sai sun tambaya.

Na fito raina a ɓace, ina cewa a raina matar nan ko dai kunnenta ne ke da matsala. Na shiga ɗakin kiɗa na rufe ƙofa, na kunna su ɗaya bayan ɗaya. Yaya, gaskiyarta ce. Farkon kowa daban yake, tsakiya ma daban. Amma da an zo ƙarshe, sai sautin ya sauko ƙasa sau uku, ya tsaya cak kamar an riƙe numfashi, sannan ya ɗaga sama sau ɗaya ya mutu. A sarewa haka, a jita haka, har Dogo sai da ya san yadda ya yi gangarsa ta faɗi hakan.

Na tara su na tsare su da ido. Kowa ya rantse. Dogo ya ce, "Wallahi Malama haka kawai ya zo mini." Mai Sarewa, yarinyar nan da na taɓa ba ki labari, wadda sai ta yi mako ba a ji muryarta ba, ita hawaye kawai take. Kakarta ce ke riƙe da ita, kuma da wannan sakamakon take sa ran shiga kwaleji.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ƙarshen nan daɗi yake mini. Duk wanda ya kaɗa mini shi a lokacin, sai da na ce masa yauwa. Ban taɓa lura cewa abu ɗaya nake wa yauwa ba.

Ga memori nan na naɗe miki a cikin takarda, duk kiɗan suna ciki. Na san ba ki san kan kiɗa ba, ke da waƙarki ke sa jariri ya ƙara kuka. Amma ki saurara mini, wataƙila a rediyo suka ji shi ko a wani talla, ni kaina ya toshe. Matar za ta zo makarantar da kanta kafin a yanke hukunci.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Lafiyata ƙalau. Saƙonki ya iso, na saurari yaran a rediyon mai gadinmu. Ki daina tuhumarsu, ba su saci komai ba, ba kuma a wani talla suka ji ba. Ƙarshen nan naki ne, daga gare ki suka ɗauka. Yanzu aka shigo mana da wani da ƙarfe ya faɗo wa a ƙafa, direba kuma ya tayar da mota. Bayani na nan tafe.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Allah Ya ba mai ƙafar sauƙi.

Na karanta 'yar takardarki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Ashe ke ma abin da kike gani ke nan? Shugaba ya yi mini kallon mai laifi, ban damu ba, don shi ko bambancin sarewa da usur bai sani ba. Malaman ɗakin hutu suna yin shiru idan na shigo, na haɗiye. Amma ke, wadda ta goya ni, ki ce wai daga gare ni suka ɗauka?

To bari in faɗa miki, tunda abin ya zama haka. Ban taɓa riƙe hannun ɗalibi na ɗora masa a kan tsirkiyar jita na ce bi nan ba. Malamin da ya koya mana a kwaleji haka yake yi, kowa ya fito daga ajinsa da kiɗan Malam a baki, kuma tun a lokacin na yi wa kaina alkawari ba zan zama irinsa ba. Kullum abin da nake faɗa wa yarana shi ne gara mummunan kiɗa naka da kyakkyawa na aro. Su kansu sun haddace maganar, har kwaikwayona suke idan sun ɗauka na fita. Yanzu a ce ni ce na zauna na tsara musu ƙarshe ɗaya na raba musu kamar alewa? Ko satar zan yi, ai na fi haka wayo.

Baban yara ya ce in bari in huce kafin in rubuta. Ban huce ba, kuma na rubuta. Layi huɗu kika iya yi mini bayan na cika miki takarda gaba da baya. Da kin yi shiru ma da ya fi.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya, lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Direba bai zo ba, na je har ma'ajiyar magani inda yake lodi, suka ce ruwan sama ya cinye gadar hanyarku, babu shiga babu fita. Wani ya ce har da gidajen ma'aikata ruwan ya taɓa, wani ya ce ƙarya ne. Tun ranar ban ci abincin kirki ba.

Waccan takardar da na aiko, idan ta iso ki yaga ta. Zafin rai ne, kin san halin kayanki. Ki zarge ni da duk abin da kike so, ni dai in ji kina lafiya.

Yaran suna zuwa aji amma ba mai taɓa kayan kiɗa. Dogo ya kife gangarsa ya mayar da ita kujera. Matar hukuma ta aiko cewa tana nan tafe, ni kuma har yanzu ba ni da abin faɗa mata sai rantsuwa.

Zan bar wannan a hannun mai ma'ajiya, duk motar da ta fara tafiya ta tafi da ita.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, ina nan da raina da lafiyata. Ruwa bai taɓa mu ba, gadar kawai ya ɗauke, ya bar mu da wake da shinkafa da junanmu. Yanzu ruwan ya janye, mota ta fara lallaɓowa ta wata hanya. Mai ƙafa yana takawa. Ki gaishe da Baban yara, ki ce masa shawararsa mai kyau ce, matar ce ba ta jin shawara. Ki sumbaci mai haƙora biyu, amma daga nesa.

Takardunki biyu tare suka iso, kuma ta faɗan na fara buɗewa. Ba zan yaga ba. Ajiyewa zan yi, in kin tsufa in karanta wa jikokinki. Ni ma da laifina, na yi miki maganar rabi da rabi kamar mai ba da magani ba bayani. Ban ce kin tsara musu ba, uwar 'yan fushi. Zauna ki ji.

Auta, kina waƙa ta hanci. Bakinki a rufe, ba kya jin kanki. Duk lokacin da hankalinki ya tattaru a kan wani abu sai ki fara: kina wanki, kina lissafi, kina tsefe kai. Ni da na yi shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da ke, ni zan ba da labari. Kuma ba waƙoƙi da yawa ba ne, guda ɗaya ce tal. Ta sauko sau uku, ta tsaya, ta ɗaga sau ɗaya. Kin ce kina zagayawa tsakanin yaran kina saurare. To ina tabbatar miki ba saurare kaɗai kike ba. Shekara nawa suna gabanki kina zuba musu ita a kunne, kuma duk wanda ya maimaita miki sai ki ce yauwa. Me kike so su yi?

Yanzu bari in faɗa miki inda ke kika samo ta.

Kullum kina cewa ba ki tuna komai na Inna, sai wani mayafinta mai ruwan ƙasa. Kina ƙarama sosai ta rasu, ba laifinki ba ne. To Inna idan tana kan keken ɗinki, waƙa take ta hanci. Idan ta kusa ƙarshen layin ɗinki sai ta rage taka keken, muryarta ma ta riƙa saukowa tare da shi, ɗaya, biyu, uku. Sai ta sunkuya ta ciji zaren, don almakashinta kullum ɓata yake cikin ƙyallaye. Wannan tsayawar da kika ce kamar an riƙe numfashi, ai nan ne bakinta ke kan zare. Idan ya tsinke sai ta ɗago, ta ɗaga muryar sau ɗaya, ta yarfe rigar. Ke kuma kina ƙarƙashin teburin keken kusa da ƙafarta, kin tara guntayen yadi kina yi wa cokali zani. Nan ne wurin zamanki tun kina rarrafe.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni, wata rana kina wasa a tsakar gida sai muka ji ta daga hancinki. Baba yana alwala, ruwan ya ƙare a butar bai sani ba. Daga baya ya kira ni da Yaya Babba ya ce, "Kada wanda ya faɗa mata. In ta sani za ta daina." Sau da yawa nakan gan shi tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu kina aikin makaranta, ya yi kamar takalminsa yake nema. Har ya koma ga Allah ba mu karya masa magana ba, ni ma sai yau.

Ranar da memorinki ya zo, na sa a rediyon mai gadi ina tsaye da tiren allurai a hannu. Sarewa ta fara, na ce yarinyar nan ta iya. Da ta zo ƙarshe, sai ga Inna. Na biyu ya zo, jita, ga Inna. Na uku, ga Inna. Mai gadi ya miƙo mini kujerarsa. Na yi kuka, Auta, amma irin mai daɗin nan. Ban gama share ido ba aka shigo da mai ƙafa.

To kin ji. Yaranki ba ɓarayi ba ne, ke ma ba ɓarauniya ba ce. Ki je ki faɗa wa matar nan gaskiya yadda take, in ta ga dama ta yi dariya. Amma ita ma tana da gaskiyarta, ƙarshen ba nasu ba ne. In an ba su dama su sake, sai ki san yadda za ki yi da hancin nan. Mu nan idan marar lafiya ya cika surutu, ma'aunin zafi muke sa masa a baki mu ce kada ya motsa. Ki nemi naki.

Abu ɗaya nake tsoro, shi ne abin da Baba ya faɗa. Amma makomar yaran mutane ta fi.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin lafiyarki, ranar da direba ya yi sallama har rawa na taka a zaure. Duk muna lafiya. Ki yafe mini waccan takardar, kuma don Allah kada jikokina su gani.

Na karanta bayaninki na kasa tashi daga inda nake. Na tambayi Baban yara, wai da gaske ina waƙa ta hanci? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ina da kunne. Ya ce, "Tun ranar da aka kawo ki. Na ɗauka kin sani." Ashe duk duniya ta sani sai mai hancin. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni nawa ɗakin maƙwabta ne suka sani.

Maganar Inna kuwa, ban iya rubuta ta yanzu ba. Na dai ɗauko mayafin nan daga ƙasan akwati.

Matar hukuma ta zo. Dattijuwa ce siririya mai tabarau, ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Muka zauna a ofishin Shugaba, na kwashe labari na faɗa mata, har da keken ɗinki da cizon zare. Shugaba yana ta kallon silin, kin san yana cewa a ransa yau malamar kiɗa ta zo da tatsuniya. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malama, na ji uzurori da yawa a aikin nan, wannan dai sabo ne." Ta jawo takardun yaran ta shiga dubawa tana rubutu. Ofis ya yi tsit. Ni kuma na ƙura wa bironta ido, ina lissafin abin da zan faɗa wa kakar Mai Sarewa.

Can sai na ga biron ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Shugaba ma ya sauko da idonsa daga silin.

Ta ce, "Sake yi."

Na ce, "In sake me, ranki ya daɗe?"

Shugaba ya ce, "Malama, waƙa kike."

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Matar ta cire tabarau ta yi dariya har da tari. Ta ce ta janye maganar sata, ba za a rubuta wa kowa komai ba. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Amma ta ce maki ba zai fito ba sai kowane yaro ya sake ƙarshen kiɗansa, kuma za ta dawo kafin hutu su kaɗa a gabanta. Wanda ya dawo mata da na Malama, ya faɗi.

Na bi shawararki, na sa fensir a baki. Bai yi aiki ba, malamar asibiti. Waƙar ta hanci take fita, fensir kuma a baki yake, ba ruwan wani da wani. Dogo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kin fara." Aji ya kwashe da dariya, karo na farko tun da abin nan ya faru.

Sai na gano ba hancin ne kaɗai ba. Yaro yana kaɗawa, idonsa na kan fuskata. In sautin ya nufi inda nake so, girata ta ɗaga, sai ya bi. In ya nufi wani wuri, ban san me fuskata ke yi ba, sai dai in ga ya ja da baya. Don haka na ɗauki kujerata na fita baranda, na zauna ƙarƙashin taga na ba su baya.

Kwanakin farko abin tausayi ne. Su kaɗa su kaɗa, da an zo ƙarshe sai kiɗan ya tsaya a hanya kamar motar da mai ya ƙare mata. Sai in ga kai ya leƙo ta taga: "Malama, daidai ne?" In ce ban sani ba. Wata ta ce, "To wa ya sani?" Na ce ita. Ta koma tana gunaguni. Wallahi zaman barandar nan ya fi mini kowane aiki wuya, hannuna har ƙaiƙayi yake. Ni da nake taƙama ban zama irin malaminmu na kwaleji ba, ashe shi da hannu yake yi, ni da gira.

Da na ga sun maƙale, sai na shiga na ba su labarin Inna. Na ce ni ƙarshena a ƙarƙashin keken ɗinki na tsince shi ban sani ba. Kowa ya koma gida ya kasa kunne, ya ji yadda abubuwa ke ƙarewa a gidansu. Ban ce su kawo mini komai ba. Yanzu dai ina baranda, ina jin abubuwa iri-iri ta taga, wasu ma ba su da daɗin ji. Na kame girata.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya masu ƙin shan magani? Direba ya ce an gyara gada, har kina shirin zuwa hutu. Mun gyara miki ɗaki. Mai haƙora biyu ta zama mai huɗu, ki zo da shirinki.

Yaya, an saki sakamako. Duka ajin sun ci, ba wanda aka riƙe. Na fara da wannan don kada ki yi ta tsallake layi kina nema.

Matar ta dawo kamar yadda ta ce. Ta zauna a gaban aji da bironta, ni kuma na ja kujerata can baya na juya ta ina kallon bango. Ta tambayi dalili, yara suka haɗa baki suka ce, "Saboda girarta." Ta ce to madalla.

Dogo ya fara. Babansa mai walda ne, kuma injin wutarsu in zai mutu sai ya yi ta tari yana ja da baya, a ɗauka ya mutu, sai ya sake farfaɗowa sau ɗaya. Haka gangar ta ƙare. Har na ji biron matar ya fara tafiya a takarda, sai ga bugu na ƙarshe, ta zabura har kujerarta ta yi ƙara. Wata mai jita ta ce a gidansu famfo ɗigo yake cikin bokiti, kuma ta lura sautin yana ƙara siririta yayin da bokitin ke cika, don haka nata hawa ya yi ta yi har ya ɓace. Akwai wani yaro mai shiru-shiru da kiɗansa ya yi ta zafi yana zafi, sai ya daki cikin jitar da tafin hannu, shi ke nan. Matar ta ce mene ne wannan? Ya ce ƙofa ce. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban juyo ba, amma na sa a raina zan nemi yaron nan mu zauna.

Ba duka ne suka yi kyau ba, kada in yi miki ƙarya. Wasu ƙarshen nasu kamar an tuntsurar da kwanuka. Na Inna ya fi su daɗi nesa ba kusa ba. Amma ko ina kallon bango ina iya faɗa miki wane ne ke kaɗawa, abin da da ba zan iya ba.

Mai Sarewa ce ta ƙarshe. Ta busa sarewa, kuma abin da ya fara fitowa shi ne: ƙasa sau uku, tsayawa, sama sau ɗaya. Yaya, na Inna ne sak. Na ce shi ke nan, yarinya ta kashe kanta. Na ji matar ta ajiye biro.

Ta ce, "Yarinya, ba ki ji sharaɗina ba?"

Sai na ji muryar da nake yin mako ban ji ba. Ta ce, "Na ji. Kin ce kada mu ƙare da shi. Ni farawa na yi da shi. Wannan na mahaifiyar Malama ne, aro na yi, kuma na faɗa. Daga nan zuwa ƙarshe nawa ne."

Matar ta ce, "To mu ji naki."

Ta ɗora daga inda Inna ke yarfe riga, ta tafi da shi wani wuri da ni ban taɓa zuwa ba. Ya yi ta yawo, yana sanyi yana sanyi, sai ya tsaya a tsakiyar magana, bai sauka ba bai hau ba. Ta ce kakarta ce, kullum sai ta fara ba ta labari barci ya ɗauke ta kafin ta kai ƙarshe. Ni dai ina fuskantar bango, kuma gara da haka, don fuskata ba ta ganuwa a lokacin. Ita ce ta fi kowa maki.

Shugaba ya ce yanzu sai in mayar da kujerata cikin aji. Na ce a'a, barandar ta karɓe ni. 'Yan aji ɗaya ma daga baranda na fara sauraronsu, tun kafin su koyi karanta gira.

Memorin nan na farko kada ki dawo da shi. Hukuma ba ta so, yara sun wuce wurin, naki ne. Duk ranar da kika so jin Inna a sarewa da jita da ganga, ga rediyon mai gadi nan.

Saura maganar Baba. Gaskiya ni ma na ji tsoro. Tun da kika faɗa mini nake kasa kunne ina jiran in kama kaina, ban taɓa ji ba ko sau ɗaya. Ina wanki in saurara, shiru. Na ce shi ke nan, na ceci yaran mutane na rasa abu ɗaya da Inna ta bar mini. Ban faɗa wa kowa ba, ke ma da ban yi niyyar faɗa miki ba.

Yanzu Baban yara ya leƙo yana neman makullin babur, ya ce wa nake rubuta wa haka tun ɗazu. Na ce ke. Ya ce in gaishe ki, in kuma rage sauti, don tun da na ɗauki biron nan nake yi, har na hana yarinya barcin rana.

Sai kin zo.

Ƙanwarki,
Auta